Ruwa Gaba Ɗaya

Rijiyar unguwar su Tumba a Dauran gaba ashirin da huɗu ce, kuma Tumba ta san kowace gaba da tafin hannunta. Shekara talatin da ɗoriya tana jan guga a bakinta. Igiya ta cinye mata zanen hannu, in ta buɗe tafi sai ka ce bayan ƙwarya. Kafaɗarta ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, haka ta tsufa a karkace. Bakwai ta haifa, ɗaya ta rayu, ita ce Saratu, ita ma tun ba ta iya ɗaura zane ba anka miƙa mata igiya.

Da mijin Tumba ya rasu ta biyo ɗiyarta Kaura, inda take aure, ta kama ɗaki a bayan tashar jirgi tana tuyar masa. Ta zaci birni zai fi, sai ta iske rijiyar nan ma gaba sha takwas, shekarar babban fari ta zo ta ƙara mata huɗu. A bakin wannan rijiya Saratu ta yi ɓarin cikinta na fari. Guga na tsakiyar hanya, jini na bin ƙafarta, ba ta saki igiya ba sai da wata mata ta karɓa. Duk mai son zagin Tumba a kan abin da ya faru, ya fara sanin wannan tukuna.

Mijin Saratu, Muhtari, ba shi da mugun hali, amma ba shi da ta cewa gaban baffansa, Alhaji Tambari. Shi ya rene shi, shi ya yi masa aure. Alhaji fataucin albasa yake, yana da motoci biyu masu bodin katako da ke kai kaya Ikko. Shekarar da ta biyo bayan fari ya ce Muhtari ya tattara iyalinsa ya koma can, ya riƙa karɓar kaya in sun sauka. Lokacin Saratu na da ɗiya mai shekara uku, takwarar Tumba, ana ce mata Inno, ga kuma jariri a goye, Abbati.

Tandar Tumba a gefen kantin Fidelis take. Fidelis Inyamuri ne mai sayar da magani, ya tsere lokacin yaƙin basasa, ya yi shekara biyu a Ikko, sannan ya komo Kaura da matarsa Chinyere ya sake buɗe kanti cikin shagunan Alhaji Tambari. Tumba ba ta iya sunansa ba, Hidali take ce masa, shi kuma Mama.

Wata safiya Alhaji ya taho ya zauna bisa bencin ƙofar kantin, ya baza riga.

“Uwar Saratu, an samo ɗaki biyu. Nic ce ke uwa ta, a ba ki girmanki, ki zaɓa.”

“To, Alhaji, ina jin ka.” Ba ta daina juya masa ba.

“Ɗaya Agege. Mutanenmu na maƙil, ga masallaci, ga makarantar allo, ga hilin da yara ka wasa. Sai dai da nisa da kasuwar albasa, sai an hau mota biyu.”

“Rijiya fa?”

“Akwai. Gaba sha biyu, ko sha uku.”

Tumba ta taɓe baki. “Ɗayan fa?”

“Ɗayan jikin kasuwa yake, direbobi na ce ma wurin Ƙasan Gada. Tambayi mai kanti, ya san shi.”

Ta ɗaga murya. “Hidali, ka san Ƙasan Gada? Ruwan wurin gaba nawa na?”

Fidelis na ƙulla wa wata mata ƙwayar zazzaɓi a takarda. Ya leƙo ta taga. “Mama, wancan wuri ruwa ne gaba ɗaya.”

Ga inda abin ya karkace. Gabar da ake auna igiya da ita, tsawon hannu biyu in an ware, jan ta ake yi a baki. Gaba ɗaya ta duka-duka kuwa a gajarce take. Bahaushe ba ya haɗa su. Amma Fidelis Hausar kasuwa ya koya, duk baƙi ɗaya ne a bakinsa. Shi yana nufin unguwar duk ruwa ce. Ita kuwa, wadda ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin tulu ba sai in gulbi ya kawo, ta ji abin da ta yi shekara talatin tana roƙon Allah ta ji.

Ta aje tsinken juyi, ta miƙe, ta ware hannuwanta biyu.

“Haka? Daga nan zuwa nan, sai ruwa?”

Ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame. Fidelis ya fito daga kanti, takarda a hannu, ya buɗe baki. Alhaji Tambari ya dafa masa gwiwa.

“Kawo mani maganin ciwon kai. Bar tsohuwa ta yi murnarta.”

Tumba ta ga hannun. Ba ta ba shi wata ma'ana ba.

“Ƙasan Gada, Alhaji,” in ji ta. “Masallaci ko nesa yake namiji ya taka. Allo, yara ba su kai ba. Ɗiyata ta gama jan igiya.”

“Ke kiz zaɓa,” ya ce, yana murmushi cikin gemu.

A ranar ta ciro tsohuwar igiyar da ta taho da ita daga Dauran, ta auna gaba biyu ta yanke, ta ɗaura wa sabon guga. Ɗaya ta ruwa, ɗaya ta riƙo. Ta bi gidajen unguwa tana nuna wa mata. Ranar tafiya, a tasha, ta danƙa wa Saratu a gaban kowa. Inno ta riƙe wa kakarta zane tana neman masa, Tumba ta cusa mata uku a hannu.

“Tahi, ƙawata. Ki yi wanka sau uku a yini, ki komo mani hwara tas, in rasa gane ki.”

Jirgi ya ja. Wannan ne ganinsu na ƙarshe.

Ba a yi wata guda ba Tumba ta soma jin wani suna na bin ta. In ta ratsa rumfunan albasa, sai wani ya ce, “Gaba-ɗaya, an fito?” sauran su sunkuyar da kai suna ƙyaƙyatawa. Alhaji ne ya kai labarin kasuwa, yana ma ware hannu yana kwaikwayon ta. Ita ta ɗauka hassada ce. Takan amsa musu da ƙarfi, “Ɗaya tak, ku mutu da baƙin ciki.” Su ƙara dariya. Maza ashirin, duk sun san Ikko, duk sun san Ƙasan Gada, babu wanda ya ja ta gefe. Fidelis sau biyu yana soma magana, “Mama, wannan ruwa da na ce,” ita kuma ta tare shi da albarka, ta zuba masa masa kyauta. Sai ya dubi shagon da yake ciki, ya tuna na wane ne, ya haɗiye.

Wata na bakwai, Nasidi ya taho. Shi ne direban babbar motar Alhaji, mutumin Shinkafi, mai furfura a gemu, ba ya da yawan magana. Bai tsaya wurin tanda ba, ya ce ta shiga gida. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya cire hula.

“Inna, sai haƙuri. Inno ta riga mu.”

Tumba ba ta yi kuka nan take ba. Ta ce, “Zazzaɓi?”

“Ruwa.”

“Rijiya ta hwaɗa? Gaba ɗaya, ba a iya ciro ta ba?”

Nasidi ya girgiza kai. Sannan ya faɗa mata abin da ya kamata a faɗa mata tun ranar benci. Wurin ba ƙasa ba ce. Shara ce da dusar katako anka zuba bisa ruwa, anka kafa ɗakunan kwano bisa turaku. Hanya katako biyu ne a jere. Rijiya babu ko ɗaya, in ka tona da hannu ruwa ya biyo ka, baƙi, mai zartsi, ba a sha, ba a alwala da shi. Na sha a garwa ake kawowa daga nesa. Kuma sau biyu a yini ruwan ke tasowa, ba hadari, ba iska, ba ɗigon ruwan sama.

“Ƙarya kakai. Ruwa ba ya tasowa ba hadari.”

“Na can yana yi, Inna. Teku ka turo shi.”

Da hantsi ne abin ya faru. Saratu na ba Abbati nono, takalmin robar Inno ya faɗa tsakanin katako, yarinya ta miƙa hannu. Sai azahar anka same ta ƙarƙashin ɗakin maƙwabta. Da anka zo binnewa, babu ƙasar da za ta riƙe kabari, sai da anka sa ta a mota anka kai ta Agege.

Ashe dai ta je Agege.

An zauna makoki a gidan Alhaji Tambari. Tumba na cikin gida tare da mata, amma zauren ba nisa, kuma Alhaji ba ya iya magana a hankali. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya maimaita masa: “Ni Agege nis so. Uwatta ta tsaya kai da fata sai Ƙasan Gada. Mi za ka ce ma suruka?” Mata sunka riƙa satar kallon ta. Wata ta ce a gefen kunnenta, wai tsufa in ya zo da taurin kai sai addu'a. Kwana arba'in Tumba ba ta hura wuta a tanda ba. Sunan Gaba-ɗaya ya mutu a kasuwa, ba don kunya ba, don ya daina ba da dariya.

Duk zuwan mota takan tari Nasidi. Muhtari na gaisuwa, yakan ce. Saratu fa? Sai ya gyara hula. Saratu ba ta aiko da ko kalma ɗaya ba.

Ana cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, Nasidi ya sake durƙusawa a ƙofarta.

“Abbati ya soma rarrafe.”

Tumba ta tuna katako biyun nan da ruwan da ke ƙarƙashinsu.

“Igiyar ga da kib ba ta, da ita taka ɗaure shi. Ɗaya baki a ƙugunshi, ɗaya a ƙahwar gado. In ya kai ƙohwa ta tsai da shi, ya yi ta kuka. Ko bayan gida za ta, sai ta ja ƙullin da haƙori ta gani. Ta rame, Inna. Kuma can damina na riga tamu sauka. In ta haɗu da na teku, har cikin ɗaki yaka shiga.”

“Saura kwana nawa?”

“In ya daɗe, wata guda.”

Ta yafa mayafi ta nufi gidan Alhaji. Anka ce yana barci. Ta koma da la'asar, anka ce ya tafi Kasuwar Daji. Washegari ta tare shi a ƙofar gida zai hau mota, ya ce mata ta bari ya komo, maganar iyali ba ta titi ba ce. Kwana huɗu yana yi mata haka. Rana ta biyar ta wuce kai tsaye wurin mai unguwa Hammadu, ta ce ƙara ta kawo, kuma ba ta tashi daga ƙofarsa sai an kira mata mutum biyu.

Bayan la'asar anka zauna gindin itacen bedi, wato dogon yaro, a ƙofar gidan mai unguwa. Dattawa biyar bisa tabarma, masu wucewa sun yi tsaitsaye. Alhaji ya iso da babbar riga, ya miƙa wa mai unguwa goro fari guda biyu kafin ya zauna. Tumba na gefe bisa ƙasa, ta ƙi tabarmar da anka ba ta.

“To, Tumba, mi at tahe da ke?” in ji Hammadu.

“Ba kuka nit taho yi ba, na yi shi na gama. Abu ɗaya nika so. A hid da ɗiyata da jikana daga cikin ruwa kahin damina. Mijinta ba ya motsi sai wanga ya ce, to ya ce.”

Alhaji ya gyara zama. “Ranka ya daɗe, a tambaye ta. Ɗaki nawa nik kawo mata?”

“Biyu,” Tumba ta amsa da kanta.

“Wa yaz zaɓa?”

“Ni.”

“To.” Ya buɗe hannu ya dubi dattawa, kamar an gama.

“Ni niz zaɓa, da kunnen jahila wadda ba ta taɓa wuce Gusau ba. Kai kuwa da kas san wurin kamar aljihunka, kana zaune. A kira Hidali.”

Fidelis ya taho yana share hannu a wando. Ya gaida mai unguwa, ya dubi Alhaji, ya dubi ƙasa. Kowa a wurin ya san shagon da yake ci a ciki na wane ne. Tumba ba ta roƙe shi ba. Ta dai kafa masa ido.

“Faɗi abin da ka sani,” in ji Hammadu.

“Mama ya tambaye ni ruwa. Na ce wurin ruwa ne gaba ɗaya, wato ko'ina ruwa. Mama ya buɗe hannu haka.” Ya ware hannuwansa. Wani daga baya ya yi 'yar dariya, wani ya zungure shi. “Na gane bai gane ba. Na fito zan gyara. Alhaji ya riƙe ni a gwiwa, ya ce bar tsohuwa.” Ya juyo wurin Tumba. “Bayan haka ma ban faɗa ba. Tsoro na ji. Wannan laifina ne, Mama.”

Alhaji ya ɓare goro ya jefa a baki.

“Gwiwa nir riƙe, ba baki ba.”

Wasu sunka murmusa. Haka maza suke, ko a gaban gawa in magana ta yi daɗi sai sun yaba.

“Kuma ni na zaci wasa takai,” ya ƙara. “Wa zai ce babbar mace ba ta san gaba da gaba ba?”

“Wasan na kak kai kasuwa kana ware hannu? Wata bakwai kuna ci da sunana, kai da 'yan rumhwarka. Ka san ina murna da ramin da za a binne jikata, kana dariya, don kada yaronka ya hau mota biyu.”

“Tumba, a yi a hankali,” in ji mai unguwa. “Alhaji babba na.”

“Na girme shi. Ina goyon ɗiya yana tallan rake a tasha.”

Hammadu ya yi gyaran murya, ya juya goron a hannunsa. Ya ce abin da ya faru ya faru. Yarinya kwananta ya ƙare, ko a Agege take, ko a Makka, ranar nan za ta tafi. Wanda ya yi jayayya da wannan ya yi da Mai sama.

“Ban yi jayayya ba. Allah ya ɗauki Inno, na ba shi. Abbati bai ɗauka ba tukuna. Shi nika magana.”

Dattawa sunka dubi Alhaji. Ya tauna goronsa a natse, sannan ya ce shi bai ƙi ba. Amma mota da asuba take sauka, wanda ke Agege ba ya iske ta. Albasa in ta yini a rana ba mai karɓa, ta tafi. Yanzu kuma kaya ke tafiya, ba lokacin tashin gida ba ne. A bari bayan kaka, in Allah ya kai mu, sai a duba.

“Bayan kaka,” in ji Tumba. “Bayan damina ke nan.”

“To kin ji, ya ce za a duba,” in ji mai unguwa da sauri. “A yi fatiha.”

Ta ɗaga hannu ta shafa tare da su, don ba da Allah take faɗa ba. Dattawa sunka miƙe suna kakkaɓe riguna. Ɗaya ma ya tsaya tambayar Alhaji yadda kasuwar albasa take a kudu. An faɗi gaskiya a gaban mutane, kowa ya ji, kuma ba ta ɗaga ko tsinke ba.

Ranar Alhamis ake lodi. Tun da sassafe babbar motar na tsaye bakin rumfuna, 'yan dako na hawa da buhuna bisa wani faffaɗan katako da anka jingina a bayanta. Hantsi ya ɗaga, an kusa cikawa, sai ga Tumba da ƙullin kaya a kai, buta a hannu, tsohuwar igiyarta naɗe a kafaɗar da ta karkace. Ta jira wani ɗan dako ya sauko, ta taka katakon. Yana lanƙwasa, tana tafiya, har ta kai sama. Ta zauna bisa buhuna ta miƙe ƙafa, ta aje buta a gefe.

Kafin a kira Alhaji rabin kasuwa ta taru.

“Uwar Saratu, mi na haka? Sauko, ki bar abin kunya.”

“Kunya ta ƙare a gindin bedi. Ikko za ni.”

“Motar kaya ta, ba ta mutane ba.”

“To ka lissahta ni cikin albasa. Ita ai kana tausayinta.”

Dariya ta tashi, wannan karon ba ita ake yi wa ba. Alhaji ya juya wurin 'yan dako ya ce su sauko da ita. Sunka dubi juna, kowa ya sami abin yi da rawaninsa ko igiyarsa. Ya juya wurin Nasidi.

“Alhaji, shekara sha ɗaya ina ja maka mota, ban taɓa ce maka a'a ba,” in ji Nasidi. “Amma ni ba ni taɓa tsohuwa. In ka ce a sauke kaya duka a bar ta bisa katako, sai a sauke.”

Rana na hawa, albasa na jiran hanya. Alhaji ya dubi sama, ya dubi agogonsa. Tumba ta san abin da zai zaɓa tun kafin ya buɗe baki.

“Ki tahi. Kwana biyu bisa buhu, rana ta gasa ki. Amma ki sani, Muhtari ba ya tashi daga wurin ga sai nic ce.”

“Ban tahi ɗaukar Muhtari ba. Naka na, riƙe abinka. Tawa nika ɗaukowa, da abin da ta goya.”

“Ki kai su ina? Kin san Ikko? Ko hanyar bayan gida ba ki ganewa.”

Sai ga Chinyere, matar Fidelis, ta ratso mutane da burodi a takarda. Ta miƙa wa Nasidi ya miƙa sama, tare da wata 'yar wasiƙa a ninke. Ta ce ƙaninta na gyaran keke a Agege, sunan layin na ciki, a nuna wa kowa zai kai ta. Ba ta dubi Alhaji ba, shi kuwa ya dube ta da kyau. Tumba ta ƙulle wasiƙar a bakin zane. Ba ta yi godiya ba, ba ta kuma mayar ba.

Wani dillali, cikin waɗanda sunka fi kowa kiran ta Gaba-ɗaya a da, ya ɗaga kai ya ce, “Inna, igiyar fa? Can ai ba a rasa ruwa.”

“Aune za ni yi. Na bar tambayar maza da baki. Gida gida zan bi, duk mai rijiya in zura. Inda ta shige da nisa kahin ta jiƙa, nan jikana zai koyi tahiya.”

Babu wanda ya yi dariya. Nasidi ya ce ta sauko ta zauna gaba kusa da shi, ta ce in ta sauka ba ta yarda za a bar ta ta sake hawa ba. Anka ja tamfol ya rufe rabin kaya, anka bar mata gefe. Mota ta yi tari, ta ja.

Sunka bi ta bayan tasha, ta gaban tandarta da ke kife, sannan ta gefen rijiyar unguwa. Mata shida na bakinta, sun sunkuya, kafaɗu na hawa suna sauka. Wata ta ɗago ta gane ta, ta kira sunanta. Tumba ba ta ɗaga hannu ba. Abin da za ta je ta nemo wa Saratu ke nan da ƙafarta, rijiya mai zurfi da igiya mai cin hannu, abin da ta rantse ɗiyarta ta gama da shi. Kuma ba ta sani ba, in ta taka katakon nan biyu ta yi sallama, ko Saratu za ta amsa.

Da gari ya ɓace a baya, ta sauke igiyar daga kafaɗa ta soma aunawa, hannu zuwa hannu, warin albasa na sa idonta ruwa. Ta kai ƙarshe ta sake somawa, ko ta yi kuskure. Ashirin da biyu ce. Sauran biyun na can ɗaure a ƙafar gado.